Inna Hajo da tulunan khal ɗinta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita aiki Zulai ta kira ni daga Madarumfa: mahaifiyarta, Inna Hajo mai khal, ruwan tsamin nan da ake zuba wa salak, ta rasu jiya da la'asar.

Ban gama salati ba ta ƙara da labari na biyu, tana kuka. Matan da suka zo aikin zaman makoki sun nemi abin zuba ruwa, suka shiga ɗakin baya, suka tarar da tuluna an ɗaure bakinsu da ƙyalle. Da suka buɗe suka ga wata fata mai santsi kwance a kan ruwan, ga wari mai hawa kai. Suka ɗauka ruɓewa ya yi, suka zubar, suka wanke tas.

Ba laifinsu ba ne, taimako suka zo yi. Amma wannan fatar ita Inna ke kira uwar tsami, da ita ake tayar da sabon khal. Ta gaje ta wurin kakarta, kuma da sana'ar nan Zulai ke shirin riƙe ƙannenta.

Na san Inna lokacin da gidan rediyo ya tura ni hira da masu lambu a bakin tabki. Na iske ta tana tsintar mangwaron da ya faɗo ya dameje. Na miƙa mata makirfo, ta ture shi.

“Ɗiyata, aje wannan abu ki riƙe min kwando.”

Ranar ban samo hira ba. Sai dai na ga yadda take dama mangwaron cikin tulu da ruwa da ɗan ruwan rake, ta ɗaure baki da ƙyalle don iska ta shiga, ƙuda kuma ya tsaya waje. Kullum takan motsa shi da itace, ba ta yarda ƙarfe ya taɓa shi. In ya daina kumfa ta tace, ta ɗora uwar tsami, ta kai shi duhu. Daga nan ba mai leƙawa har sai hancinta ya ce ya yi.

Na taɓa tsokanar ta, na ce Inna, ashe a tsakiyar hanya abin nan yakan bi ta unguwar giya.

Ta harare ni. “Bi yake, ba ya kwana. Kin taɓa ganin na ba wani ya ɗanɗana kafin ya juye? Ku 'yan rediyo bakinku ya fi khal tsami.”

Duk azumi kwalba guda takan iso ni Maradi a hannun ɗan kabu-kabu, don salak ɗin buɗa baki. Ko sau ɗaya ba ta bari na yi mata godiya har ƙarshe ba.

Ganinmu na ƙarshe watan jiya ne. Ta rame, amma ta sa Zulai ta kama ta har ɗakin tulunan. Ta sa hannu ta yago ɗan yankin uwar tsami, ta jefa a kwalba mai faɗin baki, ta zuba masa khal.

Na ce Inna, ni da ba na zama gida?

Ta ce, “Ba zama yake so ba, a ƙyale shi yake so. Tafi da shi.”

Na yi yadda ta koya min, na haɗa nawa tulun na ɗora yankin, na tura shi bayan ƙofa, ban sake duba shi ba. Bayan mun gama waya da Zulai na je na kwance ƙyallen.

Wata siririyar fata ta rufe saman ruwan. Ta kama.

Na kira Zulai na faɗa mata. Ta ce, “Yaya, ki riƙo shi a cinya, kar ki sa a bayan mota.” Gobe in Allah ya kai mu haka zan yi.

Na gode wa Allah da ya haɗa ni da wannan baiwa tasa. Allah ya jiƙan Inna Hajo, ya haskaka kabarinta, ya ba Zulai da ƙannenta haƙuri, ya sa albarka a tulunan da za ta sake cikawa. Wanda duk ya karanta wannan, don Allah ya sa ta a addu'a.