Sahabi da Gugan Farko

Duk mai bi ta bayan kasuwar Filinge da sassafe ya san shi. Kafin sauran magina rijiya na gwamnati su gama kurɓar kunu, Malam Sahabi ya riga ya baje igiyoyi a ƙasa yana bin su da tafin hannu, har da shinshinawa, wai ruɓaɓɓiyar igiya wari gare ta. Abokan aiki su yi ta tsokanarsa cewa ya fi tarairayar igiya a kan iyalinsa, shi kuwa ko kai ba ya ɗagawa. Haka yake tun shekarar da ƙasa ta samu ƴancin kai aka ɗauke shi lebura. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa muka ce bari a faɗi alherinsa tun yana ji da kunnensa.

Aikinsa riƙon igiya ne. Kada ku raina. Rijiyar ƙasarmu ta Kurfai in ka leƙa, mutumin da ke ƙasa kamar ƙwaro za ka hango shi, kuma ransa a hannun na sama yake. Da aka kafa reshen sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, magina ba su ɓata lokaci ba. Suka ce wanda suke ba amanar ransu kullum shi zai yi magana da yawunsu. Sahabi ya zama wakili, mutumin da ko a gidan suna da ƙyar ake jin muryarsa.

Sai fari ya zo, wanda ya share dabbobin ƙasar nan. Ana ginar wata rijiya kusa da Tabla, makiyaya sun yi mata zobe da ragowar shanunsu suna jira. Rannan gefen ramin ya zabtaro wa Garba, wani magini mai ƙananan ƴaƴa. Sahabi ya jawo shi da rai, amma ƙugu ya tafi, ƙafafu ba su sake ɗaukarsa ba. Shugaban aikin ya ce Garba ɗan aikin yini ne, ba ma'aikaci ba, ya koma gida Allah ya ba shi lafiya. A shekarar da ba ko zangarniya a rumbu, wannan ai sallama ce zuwa kushewa, da shi da matarsa Dijatu da yaran.

Sahabi ya sami shugaban da maganar doka, cewa wanda ya ji rauni a bakin aiki ba a yar da shi haka nan. Shugaban ya ce shi ya riga ya shaida wa manya a Yamai aiki na tafiya lafiya lau. Ya kuma tuna wa Sahabi cewa shi ne na gaba a ƙarin girma, in dai ya iya bakinsa.

Magina suka tunzura, suka ce yajin aiki, haƙƙinsu ne. Sahabi bai musa ba. Sai dai ya nuna musu shanun Hammadu, wani makiyayi da ke cikin masu jira, shanun da sai an kama musu wutsiya suke tashi.

"In munka aje aiki, shugaba ruwa nai na cikin tulu," in ji shi. "Waɗanga za su mutuwa."

Suka koma rami suna ƙunƙuni. Wasu ma suka ce an saye shi, kuma maganar ta ci masa rai ƙwarai, amma ya haɗiye.

Ranar buɗe rijiya aka yi taro, ga makaɗa, ga tuta, ga babban baƙo daga Yamai. To, magina suna da tsohuwar al'ada: gugan farko na wanda ya fi shan wuyar ramin ne, shi ke fara sha kafin kowa. Zamani ne ya zo aka koma miƙa wa manya. Sahabi ya jawo guga cike da ruwa. Baƙo ya miƙo hannu yana murmushi. Bawan Allah nan ya raɓa shi ya wuce, ya wuce shugaban aikin, jama'a suka dare. Ashe ya sa abokan aikinsa sun ɗauko Garba daga ƙauye a kan gadon kara. Ya durƙusa, ya tallabo kansa, ya ba shi ya sha. Kiɗa ya mutu. Hammadu yana wurin, ya ce har yau in ya tuna sai tsigar jikinsa ta tashi.

Baƙo ya tambaya ko wane ne wannan.

"Ranka shi daɗe, ma'aikacinku ne. Cikin ramin ga ya baro ƙafafu nai. An ce ba ku san da shi ba, shi ya sa munka kawo shi ku gani."

Baƙon ya daɗe yana kallon Garba. Ba a jima ba aka karɓi abin a matsayin haɗarin aiki, aka yi wa Garba magani, aka ba shi haƙƙinsa, aka kuma sa shi gadin rijiyar. Sahabi kuwa ƙarin girma ya tsallake shi har abada. Aka cilla shi Abala shekara da shekaru nesa da iyalinsa, waɗanda ya koya wa ɗaurin igiya suka dawo suna ba shi umarni. Lebura ya shiga, lebura zai fita, kuma ba wanda ya taɓa jin ya yi da-na-sani.

Kai ne, Malam Sahabi, ka ƙwato wa gurgu haƙƙinsa ba tare da saniya ɗaya ta kwana da ƙishirwa saboda kai ba. Kai ne aka kira sayayye ka yi shiru, alhali kai kaɗai ka biya. Wallahi muna jin nauyinka, na Kurfai mai kafaɗar ɗaukar kaya.

Ku wakilan sandika na yau, malaman lakwal, wato makaranta, ma'aikatan asibiti, direbobi, ku je ku gaishe shi tun yana nan. In kun zauna neman naku, ku tuna da ɗan aikin yini da ba shi da kowa, ku tuna da talakan da ke jiran aikinku.

Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Dijatu ma ta aiko a gaya maka: a shekarar da maƙwabtanta suka yi ta binne yara, ita ba ta binne ko ɗaya ba.