Bishiyar Bakin Gada

A tasha Sai-Gobe ake ce masa, domin duk wanda ya tambaye shi yaushe zai isa ɗaya birnin, amsar da zai samu ke nan. A kan sitiyarin babbar mota ya yi furfura, yana jigilar kaya tsakanin biranen biyu, kuma bai taɓa yarda hanyar tana da nisa ba. Ina nisa, alhali kowane mai faci da kowace mai abinci ya san su har da 'ya'yansu? Matarsa ma a hanyar ya samo ta. Motarsa ce ta lalace a gindin wata ƙatuwar bishiya da ke bakin gada, ita kuwa ta zo ta kawo masa ruwa. Gyaran da bai fi na yini guda ba, sai da ya ja shi mako.

Bayan rasuwarta idanunsa suka fara dushewa, ya ajiye tuƙi ba da son ransa ba. Autarsa, wadda ke aiki a can ɗaya birnin, ta samo likitan da zai yi masa aiki, ta zo ɗaukarsa da tikitin jirgin sama a jaka.

"Auta, mu bi mota," ya ce. "Ina so in ga bishiyar uwarki da ɗan ganin da ya rage mini."

"Haba Baba! Tafiyar awa guda za mu mayar ta kwana? A dawowa sai mu biyo mota, lokacin idon ya buɗe tar."

Ta fi shi gaskiya, kuma ba ya iya musu da ita, sai ya bi. A jirgi aka ba shi kujerar taga, ya manna goshi a gilashi, bai ga komai ba sai fari fat. Shayinsa bai huce ba aka ce a ɗaura bel, an iso. Haushi ya kama shi. Hanyar da ta cinye masa ƙuruciya, a ce an tsallake ta ko gaisuwa babu!

Aikin bai yi ba. Da aka kwance bandeji, ɗan hasken da ya zo da shi ma ya tafi. Auta ta yi kuka har shi ya koma yana ba ta haƙuri.

Ta cika alkawari, suka biyo mota. Ya zauna a miƙe, tafin hannunsa a kan kujerar gaba, yana jiran ramukan da ya sani su gaya masa inda suke. Ashe an sake hanyar, sumul take, babu gargada ko ɗaya. Bai taɓa jin kansa baƙo haka ba.

"In mun zo bishiyar ki faɗa mini, ko hannu in ɗaga mata."

"To, Baba."

Tafiya ta miƙa, ya ji rana ta bar kuncinsa ta koma ƙeya. Can ya ce, "Auta, har yanzu?"

Ita kuwa tun da ta girma a jirgin sama take wucewa.

"Baba," ta ce, "gadoji da yawa muka wuce, duk da bishiyoyi. Ban san wacce ba ce."

Ya sauke hannun da ya riga ya ɗaga, ya ɗora a gwiwa.