Mai Kiɗan Kwamfuta a Tashar Kafin Hausa

A tashar motar Kafin Hausa da ke Haɗeja, wani saurayi na zaune kan buhun shinkafa, kwamfuta a cinya, ɗan ƙaramin fiyano a gefe. Ya ƙwama baƙin tabarau, ya toshe kunnuwa da ƙatuwar iyafis. Tafin hannunsa duk kanta, da alama tsohonsa na can fadama yana zaton taki ya zo saye.

Yana danna maɓalli uku a tare, yana lumshe ido, yana gyaɗa kai. Bai lura wayar iyafis ɗin ta zare ba, mu masu jiran mota ne muke shan kiɗan. Muryar mawaƙiyar da ke cikin kwamfutar ta yi gabas, fiyanon ya yi yamma.

Wata dattijuwa mai bandar kifi ta taɓa shi. "Ɗan nan, lafiya?"

Ya ɗaga iyafis ɗin daga kunne ɗaya. "Iya, ilimi ne. Sauti uku ake haɗawa su raka waƙa."

"Rakiya ce wannan? Na zaci korarta suke yi."

Ya yi tsaki, sai ya ga wayar iyafis ɗin a zare, ya mayar da ita. Mu dai mun huta. Shi kuwa, a karon farko ya ji aikinsa, fuskarsa ta yamutse.