Neman Tsinkakkiyar Jigida daga Sabuwa zuwa Ruwan Godiya

Ana idar da sallar asuba muka bar Ƙanƙara, ni da ƙanwata da ƙanin maigidana da ya ɗauko mu a motarsa. Abin da ya fitar da ni shi ne na yi wa matan unguwarmu alkawarin ranar Asabar zan koya musu ɗinkin duwatsun ado irin wanda ba a yi masa zane. Ki ɗauki ƙyalle da allura, dutsen da hannunki ya faɗa a kai shi za ki ɗinka, na gaba kuma ya nemi wuri kusa da shi. Aikin nan gauraye yake so, tsoho da sabo, babba da ƙarami. Ni kuwa gwangwanin duwatsuna wayam.

Hanya ta sha ruwan damina, ramuka sai dai a zaɓi wanda za a faɗa. Dawa ta fid da kai hagu da dama. Duk tashar da muka isa sai direbanmu ya tambayi labarin gaba kafin ya taka.

A kasuwar Sabuwa na samu zare da maɓallai da 'yan wuri. Allurar da a da ake ba mu gyara, yanzu sai an yi cinikinta. Duwatsu kam ga su jibge, amma duk na roba ne, kansu ɗaya. Wani ɗan koli ya ce, "Hajiya, irin da kike nema ba ya zuwa kasuwa, yana ɗakin tsofaffi." Muka ci ɗanwaken da yajinsa ya sa ƙanwata hawaye, muka wuce Faskari, muka kwana gidan gwaggonmu.

Da hantsi maƙwabta suka shigo gaisuwa. Ni da zumuɗi na ce duk mai tsinkakkiyar jigida ta kawo zan saya. Wata ta gyara ɗaurin zanenta, wata ta tuna ta bar tukunya a wuta. Da suka watse gwaggo ta ce, "Ke, abin da ya sha zufar mace ai ba a miƙa ma baƙo, ko ya tsinke. Wa ya san wurin bokan da za a kai shi?" Ƙanwata ta yi ta dariya, wai an ɗauke ni 'yar aiken boka. Ni dai abin mamaki ya ba ni, sai kuma hankalina ya tashi, don Asabar ta matso.

Gwaggo ce ta kwatanta mana wata tsohuwa a Ruwan Godiya da ta daɗe tana shirya wa amare jigida. Muka biya a hanyar komawa. Mun tarar da ita tana ɓarar gyaɗa. Bayan doguwar gaisuwa ta fito da wani gwangwanin madara mai tsatsa, ta zazzage a faifai. Wayyo! Dutsen tsakiya, murjani, na gilas shuɗɗa da kore, babu biyu masu kama. Ta riƙa ɗagawa tana faɗin mai shi: wannan na uwarta, wannan na ƙawarta ta ƙuruciya. Da ta zo kan wani ɗan shuɗi sai ta ce, "Wanga na ɗiyata ne, wadda ta rasu wurin haihuwa."

Na ce, "Inna, ko kaɗan ne ki sayar mini."

Ta ce, "Ba ni saidawa. Mi ma za ki yi da su?"

Na miƙa mata ƙyallen da na fara aiki a kai. Ta juya shi gaba da baya tana neman zanen da nake bi, na ce babu. Ta sa ƙanwata ta zura mata zare, ta ɗauki shuɗin nan ta ɗinka a gefen wani maɓalli fari. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kullum sai in buɗe gwangwanin ga in rufe," in ji ta, "ban san inda zan aje ta ba."

Idona ya cika. Sai ta kwashe duwatsunta tsaf, ta ce, "Ko guda ba ni ba ki. Amma motar taku da wurin mutum ɗaya?" Ashe tana da jika da ke aure a Ƙanƙara. Ta aika aka faɗa wa ɗanta, ta ɗauko mayafi.

Mun iso gida kafin la'asar, ƙyallena yana hannunta, ban kuma tambaye ta shi ba. Tafiyar nan ta koya mini cewa irin duwatsun nan ba a raba su da masu su, sai dai a gayyato su tare. Na aika gida-gida cewa kowace mace ta zo da nata gwangwanin, kuma abin da ta ɗinka da shi za ta koma. Gobe ce Asabar. Inna ta aiko jikarta tana tambayar ƙarfe nawa za a fara, wai kada a taɓa allura sai ta iso.