Fitilun Baba Goma Sha Ɗaya

Mahaifina mai gyaran fitila ne a kasuwar Kontagora, kuma har ya koma ga Allah mutane ba su daina yi masa dariya a kan abin da ya tara a ɗakinsa ba. Sa'o'insa wasu sun tara shanu a Bobi, wasu buhunan dawa, shi kuwa fitilun tebur goma sha ɗaya ya jera a kan kanta, yana kallonsu yana murmushi shi kaɗai.

Ba irin fitilar ƙwai da kowa ke ratayawa a bakin shago nake nufi ba. Waɗannan na ado ne. Kowace tana da gindin tagulla mai nauyi, wani da zanen ganye, wani da ƙafafu uku kamar murhu. A kan gindin akwai ƙwan gilashi dogo siriri da ke tsare wutar, a sama kuma hular gilashi mai launi, koriya ko ruwan zuma ko fara sol. Baba ya san asalin kowace. Biyu daga gidajen Turawa suka fito lokacin da suke tattara nasu ya nasu. Ɗaya daga kantin wani kwara, Balaraben ɗan kasuwa. Uku tsarabar alhazai ce, da lantarki ya shigo gari aka jefa su bayan gado. Sauran ya tsinto su ne ɗaya bayan ɗaya a hannun mutanen da suka kawo gyara, suka ga tocila ta fi sauƙi, suka ce ya riƙe. Yakan ce shi ya ga zamanin aci-balbal, ya ga zuwan kananzir, ya ga tafiyarsa, kuma duk cikinsu ba a yi wuta mai kunya irin ta waɗannan ba.

Mu biyu ya haifa. Yayana tun yana ƙarami aka kai shi riƙo wurin baffanmu a Salka, can ya girma ya zama ɗan kasuwar hatsi. A wurinsa duk abin da ba a aunawa a mudu ba dukiya ba ne. In ya zo gaisuwa ya leƙa ɗakin Baba sai ya ce, "Baba, har yanzu kana nan da 'yan matan naka?" Baba ya yi dariya, ni kuwa in ji kamar in shaƙe shi.

Ni ce na koyi aikin. Ranar Juma'a bayan la'asar mukan sauko da su mu goge. Ba toka, ba lemon tsami, ba yashi, tsumma mai laushi kawai da haƙuri. Ya koya mini datse lagwani da almakashi, ya kuma koya mini cewa kowane gindi da ƙwansa: in ka ɗora na wata a kan wata, ko ta cika ɗaki da hayaƙi, ko ƙwan ya tsage. Da magariba sai ya kunna ɗaya, wadda layi ya zo kanta, mu zauna har a kira isha.

Da ciwo ya kwantar da shi, ina da aurena a wata unguwa, ina koyarwa a firamare. Wata rana ina ba shi kunu ya riƙe hannuna ya ce, "Ke kaɗai kika san su. Kada ki bari a raba su." Na ce, "In Allah ya yarda, Baba." Abin da ya bar mini ke nan, kuma na ɗauke shi da zuciya ɗaya.

Ranar da ya rasu gida ya cika maƙil. Dangin Inna sun zo daga Ibeto da goyo da masu rarrafe, maza kuma suna ta shige da fice a ɗakin Baba suna ɗaukar tabarmi. Na ga gwiwar hannun wani ta goge hular nan koriya. Sai na shiga na cire huluna da ƙwayaye duka, na naɗe kowane a tsohon zanen Inna, na tura su ƙarƙashin gadonta. Gindayen na bar su a kan kanta, ai tagulla ba ta fashewa. Har yau ina tuna yadda na ji a raina cewa na yi dabara.

Bayan addu'ar bakwai na koma gidana da makaranta. Yaya kuwa yana sauri, kaka ta yi, kasuwa na jiransa. Ya kira malami da dattawa biyu a raba gado, bai jira ni ba, don a ganinsa in an gama sai a aiko mini da nawa. A gidaje irin namu masu rabo ɗakin maigida suke shiga, da zaure, da shago. Ba sa shiga ɗakin matarsa, balle tana takaba, abin da ke ciki nata ne. Na san wannan kamar sunana, amma bai zo mini ba ranar da nake naɗe gilashi. Suka shiga suka tarar da ƙarafa goma sha ɗaya ba kai ba hula, suka haɗa su da tsofaffin kayan aiki a matsayin tarkace. Kafin azahar Yaya ya kira 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa.

Inna ce ta kira ni a waya. Ta ce ta ji ana jan buhu a tsakar gida, ƙarfe na kara, ta tambaya aka ce shara ake kwashewa. Na bar aji a buɗe na hau acaba zuwa bakin gari inda suke tara kayansu. Na makara. Sukan daddage komai da guduma don buhu ya ci da yawa. Mai wurin, mutumin kirki, ya zazzage mini a ƙasa ya ce, "Malama, ki duba, in akwai naki ki ɗauka." Na gane mai ƙafafu uku, ta zama kamar faifai, har lokacin tana warin kananzir. Ban ɗauki komai ba. Na tsaya ina kuka a gaban mutanen da ba su san dalili ba.

Gilasan suna wurina yanzu. Na yi yawo wurin maƙera a yi mini gindi ko guda ɗaya. Wani ya ƙera, na ɗora mai ruwan zuma, na kunna, kafin in zauna ƙwan ya ce tas. Ban sake gwadawa ba.

Shekaru sun shuɗe, kuma ban yafe wa Yaya ba, ba zan ɓoye ba. Ya san fitilu ne, ya sha ganinsu. Taku nawa ne daga ɗakin Baba zuwa ƙofar Inna da zai kasa tsayawa ya tambaya? Duk wanda na ba labarin nan sai ya zage shi, ni kuma in bar shi ya zaga, don sanyi nake ji. Sai dai kullum a wurin buhu da guduma nake tsayar da labarin. Ban taɓa kai kowa zaure ba, inda na same shi da yammacin ranar yana alwala, na zazzage masa duk abin da ke cikina. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ni ban ga fitila ba. Ƙarafa na gani, na ɗauka sun farfashe a hayaniyar makoki. Wallahi da na same su da hulunansu, da ban taɓa ko ɗaya ba. Wa ya cire?"

Na kawar da kai ina kallon butarsa.

"Tambayarki nake. Wa ya cire?"

Na ce, "Ni ce, Yaya."

Ya ce, "To." Ya ƙarasa wanke ƙafarsa, ya sa takalmi, ya tafi masallaci.