Ruwan Shuɗin Yaya Hajara

Bana shekara arba'in da uku ke nan da rasuwar yayata Hajara a Magaria. Duk bazara nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in zauna da biro a hannu in rasa abin da nake ji. Bana dai na ce ko ban ji komai ba zan faɗi abin da na gani.

Lokacin Nasara ne. Mijinta, Malam Issufu, yana aiki a ofishin masu awon hanya. Can ya koyi haɗa wani ruwan magani da suke shafa wa takarda, su ɗora zanen hanya a kai, su shanya a rana, zanen ya fito fari a kan shuɗi. In maganin ya kwana biyu sai Nasaran ofishin ya ce a zubar, shi kuma ya roƙa ya kawo gida a kwalba. Yaya ce ta fara gwada shi a ƙyallen alawayyo. Takan saki asabari ta shafa shi cikin duhun ɗaki, in ya bushe ta jera ganyen zogale ko zangarniyar gero, ta danne da gilashi ta kai tsakar gida. Da an ɗauraye da ruwan rijiya sai shuɗi ya taso, ganyen ya tsaya fari fat. Marina sun zo kallo, suka juya ƙyallen, suka shinshina, suka ce wannan ba rini ba ne.

Da fari marufin kwano take yi wa amare. Sai sanƙarau ya shigo a wata bazara. Mata suka fara zuwa da kayan mamatansu kafin a raba gado: mazari, makulli, carbi, matsefi. Ba su da hoton kowa. Siffar abin da hannun mutum ya saba riƙewa ita suke nema. Ni ina ɗebo ruwa, ita tana shafawa, yini guda.

Ana haka aka mayar da Nasaran Damagaram, magani ya yanke. Saura na ƙyalle ɗaya a gindin kwalba, wata mata ta zo a kan jaki daga Yekuwa da askar mijinta, wanzami. Yaya ta karɓa, ta ce ta dawo ran kasuwa. Kafin ran kasuwa, Rakiya, 'yar Yaya mai shekara huɗu, ta kwanta da safe, washegari aka binne ta.

Na cire ƙaramar munduwar yarinyar na kai mata. Na ce, "Yaya, ki yi wa Rakiya. Matar nan za ta gane."

Ta dubi munduwar, ta ce, "Na riga na ce mata to. Miƙo min askar."

Ta yi aikin kamar kullum. Matar ta zo ta karɓa, ta yi godiya, ba wanda ya gaya mata an yi rashi a gidan. Kwana tara bayan haka Yaya ta ce wuyanta ya ƙage. Ban yi kuka ba ranar da aka fita da gawarta. Na share tsakar gida, na ɗora tukunya saboda masu gaisuwa. Na yi ta jiran kukan ya zo, har yau bai zo ba.

Yanzu masu hoto sun cika gari, fuskokin 'yan siyasa har a kan atamfa. Nakan tambayi kaina me za ta ce. Wataƙila ta yi murna, ba uwar da za ta rasa fuskar ɗanta. Wataƙila kuma ta tambaya don me ake ɗaura fuskar wanda ba a sani ba a ƙugu. Ban sani ba. Muryarta ma ta ɓace mini.

Ƙyalle ɗaya na gada, mai ganyen zogale. Shekara ta biyu na ga ya yi ƙura, na wanke shi da sabulun toka. Ba wanda ya taɓa gaya mini toka na cinye wannan shuɗin. Ina kallo ya koma rawaya, ya koɗe a cikin ƙwarya. Na matse shi na shanya tare da sauran wanki.

To me ya rage? Kabarinta ya baje, mijinta ya bi ta tuntuni, sana'ar ba wanda ya ɗauka. Sunanta ne na sa wa 'yata ta fari, ita ma yanzu tana da jikoki. Ba ta san yayata ba, amma in ta ce maka to, ka je ka kwantar da hankalinka. Ban koya mata ba, ban kuma taɓa ba ta wannan labarin ba. Za ta karanta shi a nan tare da ku.

Allah ya jiƙan Hajara da Rakiya, ya sa sun huta.