Takobin Amana Da Aka Yi Wa Kwalliya

Mun kai takobi Yanbu, mai shi ya ƙi karɓa.

Takobin na wani alhaji ne ɗan Filifin, cikin mutanen da ake kira Moro. Ya bar shi amana wurin mahaifin Hajiya Dije, ya ce zai dawo, bai dawo ba. Uban ya rasu, amana ta koma wuyan Hajiya. Yanzu tana kwance, jiki ya yi tsanani. Sai ga labari cewa jikan alhajin, Jamil, mai walda a Yanbu, yana cigiya. Ta ce ba za ta shiga kabari da kayan wani ba.

Madina

Ni ne direban gidan Hajiya. Bayan asuba na tada mota a unguwarmu, Al-Sih. Faisal, autan Hajiya, ya fito rungume da kaya. Haihuwar nan ne, Hausa a kunne, Larabci a baki.

Na san takobin, na sha ɗaga gadon Hajiya a yi shara. Baƙi ne, ruwansa a lanƙwashe kamar tafiyar maciji, an sassaƙa kan mariƙin kamar kan aku, kubensa na itace. Abin da Faisal ya riƙo kuwa jan kube ne na fata, da tuntaye, da hamila.

Na ce, "Wa ya yi masa haka?"

Ya ce, "Wani baduku a unguwar Sultana. Aibi ne, ya ammu, a mayar wa mutum kaya da tsatsa!"

Haka muke yi a gida, gaskiya. Takobi ya tsufa, a wasa shi, a ɗinka masa sabon kube. Amma naka ake yi wa. Na ja mota.

Hanya

A shingen bincike jami'i ya duba igamata, takardar izinin zama, ya leƙa kujerar baya. Ya ce, "Na rawar biki ne?" Faisal ya washe baki, wai an yaba. A Badar muka ci wake da gurasa, muka sha shayi. Ni ina duba taya, shi yana ɗaukar takobi hoto ta gaba da ta baya.

Yanbu

Kafin azahar muka shiga. Warin teku, hayaƙin matatar mai. Jamil ya bar aikin ranar saboda mu. Ɗakinsa ƙarami, ya dafa shinkafa da kifi, ya sa farar riga. Ya kira gwaggonsa ta waya, kiran bidiyo, tsohuwa, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka taɓa ganin takobin. Da Larabcinsa na 'yan aiki ya faɗa mana alamun da ta ba shi: bakin akun ya ɓantare, zobban azurfa uku a mariƙi, da zanen azurfa siriri a jikin ruwan.

Faisal ya zare. Fari fat kamar cokalin otel. Injin washi ya cinye zanen. Mariƙi kuwa fata ce, ja da kore.

Jamil ya juya shi a gaban waya. Tsohuwa ta daɗe tana kallo, ta yi magana gajeriya. Ya mayar cikin kube, ya ajiye a gaban Faisal da hannu biyu.

"Ta ce ba ta san wannan ba."

Faisal ya miƙe. "Wallahi huwa, huwa, shi ne! Gyara kawai na yi!"

Jamil ya ce, "Wataƙila shi ne, sadig. In kuma ba shi ba ne fa? Na ɗauki amanar wani ke nan."

Ina tsohon mariƙin? Faisal bai sani ba. Ya bar wa baduku, wai ruɓaɓɓen itace ne. Kifin nan ni kaɗai na ci.

Komowa

Muka kamo hanya har Badar. Can Faisal ya ce laifin baduku ne. Na ƙara muryar rediyo.

Mun tarar da Hajiya ido biyu. Ta ce, "Ya karɓa?"

Faisal ya ce, "Khalas, ya ummi, an gama, ki huta."

Na ce, "Bai karɓa ba, Hajiya."

Ta sa a zare mata shi. Ta shafa jar fatar, ta janye hannu. Ko kallon ɗanta ba ta yi ba. Ta ce da ni, "Ɗanjuma, nemo min kan akun."

Mun je lafiya mun dawo lafiya, na gode wa Allah. Takobi ya koma ƙarƙashin gado da tuntayensa. Ni kuwa ina Sultana, bayan shagon baduku, ina zazzage buhunan guntayen fata. Na tsinci zobe ɗaya. Kan aku bai fito ba tukuna, Hajiya kuma tana numfashi.